Dutse Goma Sha Tara Zuwa Rijiya

Wanga littafi na Dudu ne, ta sabon gari kusa da Warra. Wanda ya tsinta shi maido.

Asabar, da hantsi. Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, 1985

Basiru ya koma Sakkwato da safen nan. Ya bar mini sabulu da sukari da magana. Maganar ita ce nan da wata guda za shi dawo da mota shi kwashe ni da komatsaina. Wai ya gyara mini ɗaki a gidanshi, har da fanka.

Ba ni zuwa.

Shi kaɗai ya rage mini ɗa namiji, shina aikin ofis, shi ya sa shike ganin duk abin da ya faɗa ya zama doka. Abin da ya kawo maganar, ranar Sallah na faɗi cikin garka bayan ɗaki, za ni rijiya. Ƙasar wurin laka ce, in ta sha ruwa santsi gare ta awa miyar kuɓewa. Akuya ma na faɗuwa.

Ya ce, "Inna, da cikin rijiyar kinka faɗa fa?"

Na ce, "Da ka huta da sayen fanka."

Bai yi dariya ba. Ya ce ba santsi ya kada ni ba, igiyar guga na taka, ga ta nan shimfiɗe kowa na ganinta.

An tashe ni sau ɗaya. Shekara goma sha bakwai ke nan da anka kwashe mu daga gungunmu saboda dam, anka zuba mu cikin gidajen siminti. Lokacin ba wanda ya tambaye ni. Nan na binne mai gidan, nan na shuka lemun tsami da hannuna, nan na sa anka haƙa rijiya. Ba a tashina sau biyu.

Wata biyar na yi a ajin yaƙi da jahilci. Ya ishe ni. Ba don hira nake rubutu ba, akwai abin da nake so shi zauna a takarda.

Litinin, bayan azahar

An yi ruwa da asuba. Na bari ƙasa ta yi laushi, na tuɓe takalmi, na tashi daga ƙofar ɗaki na tafi rijiya yadda nake tafiya kullum, ba sauri ba nawa. Na dawo ta gefe don kada in ɓata sawu. Sa'an nan na bi da rarrafe ina laluba, duk inda sawuna ya fito na kafa kara.

Goma sha tara. Da lanƙwasa ɗaya wajen barkono. Kowane sawu za shi samu dutsenshi.

Tabawa maƙwabciyata ta leƙo ta kan darni. Tare anka tashe mu, tare munka tsufa, bakinta ne kaɗai bai tsufa ba.

"Dudu, mi kike nema da rarrafe? Haƙorin ne ya faɗi?"

"Mijinki nake nema. An ce nan ya ɓuya don surutunki."

"In kin gan shi ki ce mishi gero ya ƙare."

Laraba, da hantsi

Maikuɗi ya kawo mini kifi. Ƙanin marigayi ne, har yanzu shina su da jirginshi. Ya ce bana ruwa ya ja baya yadda bai taɓa yi ba, har tudun tsohon gari ya fito, ana ganin kututturen tsamiya da gindin masallaci.

Na ce gobe shi kai ni.

"Matar yaya, mi za ki yi can? Ba kowa sai kwaɗi."

"Dutse za ni ɗauka."

"Dutse ya ƙare a Warra?"

"Na Warra ban san su ba."

Ya ce in haukan tsufa ne ya kama ni shi ya fasa gadona. Na ce wa za shi yarda da mai warin tarwaɗa.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je. Maikuɗi shina tuƙi shina nuna mini, ga can gidan wane, ga can inda ake shanya taru. Na ce na gani. Kan ruwan duk hayaƙi-hayaƙi ne. Ya ce ba wani hayaƙi, rana tar. Shi dai gardama shike so.

Da munka sauka na ce shi yi shiru shi bar ni. Na tsaya a kututturen tsamiya, na juya baya ga ruwa, na tafi. Taɓo har idon sawu, ga bawon katantanwa na yanka ƙafa. Ban ɓata ba. Ƙafata ta ci karo da shi ƙarƙashin taɓo, mai faɗi, mai santsi a tsakiya. Dutsen bakin ƙofarmu. Shekara talatin ina taka shi.

Mun tono shi. Mun tono duwatsun murhuna guda uku, suna nan inda na bar su, ɗaya ma da tsagarshi ta da. Maikuɗi ya zauna bisa gindin ɗakin uwarshi shina sharar hanci. Na ce shi tashi, ruwa bai jiran mai kuka.

Ni ban yi ba. Garin ya mutu, an daɗe da yin sadakar arba'in. Ba kewa ta kai ni ba. Duwatsun nan ƙafata ta san su ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan.

Juma'a, da rana tsaka

Bayana na ciwo. Ban tashi ba sai hantsi.

Lahadi, da hantsi

Yadda ake yi, in rubuta kada a manta. A cire karan. A haƙa daidai girman dutsen, zurfin yatsu huɗu. A zuba yashi da tsakuwa. A aza dutse, a hau a yi rawa bisanshi. In ya motsa a ɗaga a sake. Kada shi nutse daidai da ƙasa, shi ɗan fito, yadda ƙafa za ta ji bakinshi.

Na ɗaya shi ne na bakin ƙofa. Na kafa shi yau. Tabawa ta ga ina rawa bisanshi ta yi guɗa, ta ce wa ke aure. Na ce zo ki zura mini zare a allura ki bar shirme. Allurar yanzu ba su yi mata kafa, yaudara kawai.

Ta zura. Ta daɗe tsaye ba ta tafi ba.

Talata, bayan azahar

Mun koma sau biyu, jiya da yau. Dutsen wanki na bakin ruwa mai gurzo-gurzo. Ƙanana goma sha huɗu daga gindin rumbu. Da dutsen niƙa. Shi ya fi ba mu wahala, sai da Maikuɗi ya kira wani masunci ya kama mishi, jirgin ya nutsa har ruwa na taɓa baki.

Na uwar mijina ne. Ita ta fara cin tsakiyarshi, ni na ƙarasa. Kwarmin ya kai a zuba ruwa kaza ta sha. Ba ta taɓa yaba niƙana ba har ta mutu. Yanzu za ni taka dutsenta kullum da safe, Allah shi jiƙanta.

Alhamis, da hantsi

Direban motar kasuwa ya kawo takarda daga Basiru. Rubutun ƙanana awa ƙwan kifi. Yaran yanzu rowar tawada gare su. Na juya ta ga rana, na juya ta ga inuwa, na sa ta ƙarƙashin tabarma wajen wata da anka ba ni a asibitin Yelwa.

Na san abin da ke ciki. Fanka.

Ba ni zuwa.

Asabar, da rana tsaka

Dutse sha ɗaya sun zauna. Fensir ɗin nan ba shi da baƙi. Na koma biro.

Litinin, bayan la'asar

An gama. Ga yadda suke, wanda za shi karanta shi karanta da kyau.

Na ɗaya na bakin ƙofa, mai faɗi. Daga shi ƙanana biyar, miƙe. Na bakwai dutsen wanki, mai kaushi. In ƙafa ta ji kaushi a sunkuyar da kai, reshen lemun tsami na nan da ƙaya. Ƙanana huɗu. Sa'an nan na murhu uku masu tudu, su ne lanƙwasa, a bi su hagu a kewaye barkono. Ƙanana huɗu kuma. Na sha tara dutsen niƙa, kwarminshi sama. In diddige ya faɗa kwarmi a tsaya. Ba a ƙara ko taku ɗaya. A miƙa hannun dama, ga gwafar da ake rataye guga, ga rijiya gefenta.

Ƙarami ɗaya ya ragu, na tokare ƙofar akurki da shi.

Na je na dawo sau shida. Na shidan ban dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. Tabawa ta ce ina tafiya awa amarya, kai sama. Na ce ai ba a taɓa ganina ina sunkuyar da kai ba.

Basiru shi zo da motarshi.

Laraba, da safe

Ladidi ta haihu a Shanga tun makon jiya, namiji. Ɗiyata ce ta fari. Jibi suna. Za ni kwana huɗu. Na bar wa Tabawa kaji.

Lahadi, bayan la'asar

Yau ban iya rubutawa. Gobe.

Litinin, da hantsi

Na dawo jiya cikin yayyafi, gari ya yi duhun hadari. Randa ba ruwa. Na ajiye ƙunshina na tuɓe takalmi na fita za ni rijiya.

Taku na fari na ji ba daidai ba. Siminti. An zuba siminti tun daga ƙofa, an shafe sumul. Ina jin duwatsu jefi-jefi cikinshi, an dulmuye su, ba baki ba tudu. Raina ya ɓaci amma ƙishirwa nake ji. Na ce bari in lissafa. Ina tafiya ina jiran kaushi, ba kaushi. Ina jiran lanƙwasa, ba lanƙwasa. Ina jiran kwarmi shi ce mini tsaya.

A taku na sha biyar ƙafata ta taka iska.

Gwafar na kama. Ban san yadda anka yi hannuna ya same ta ba. Ƙafa ɗaya cikin bakin rijiya, ɗankwalina ya tafi ƙasa, na ji faɗuwarshi cikin ruwa.

Tabawa ce ta ja ni. Ta tsallako darni da tsufanta, har ta kece zane. Munka zauna cikin taɓo muna haki. Ta ce Jabiru birkila ne ya zo da kwanon sarki da siminti buhu biyu, ya ce Basiru ya aiko shi, kuma an rubuto mini. Ita ta zaci da sanina.

Can ta ce, "Dudu, tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe mi?"

"Rijiyar tana gabanki, baki buɗe, faɗin tabarma."

"Hadari ne."

Ta yi shiru. Rabon da in ji Tabawa ta yi shiru tun ranar da anka sa mu cikin motar gwamnati.

Na ce in ta gaya wa Basiru, ko gawata kada ta wanke.

Ta ce, "Wa ke son wanke ki? Sabulu tsada."

Litinin, bayan azahar

Jabiru ya tumɓuke mini barkono bakwai don hanya ta miƙe. Bakwai.

Talata, da hantsi

Na aika anka kira Jabiru. Magidanci ne da 'ya'ya, ba yaro ba, shi ya gina shagunan bakin tasha. Ya shigo da fara'a shina jiran godiya.

"Inna Dudu, kin ga aiki ko? Da igiya na ja shi, miƙe sak. Ko a Yelwa sai gidan manya."

"Ina dutsen niƙana?"

"Shina tsakiya. Na kife shi ne, kwarmin na tara ruwa, sauro."

"Na murhu?"

"Masu tudun nan? Ai tuntuɓe za su sa ki. Na danna su ciki."

Na ce wa ya ce mishi karkatacciyar hanya kuskure ce. Ya ce shi ya ga duwatsu kusa-kusa, wani babba wani ƙarami, ya ɗauka aikin tsohuwa ne da ba ta da ma'auni. Na ce ma'aunin ga shi nan, na ɗaga mishi ƙafata.

Ya ce amma ai Malam Basiru ya rubuto. Na jawo takardar daga ƙarƙashin tabarma na ce karanta in ji. Ya karanta. Wai ya ji labari wajen direba ina jidar duwatsu, kada in wahalar da kaina, za shi turo magini shi yi mini hanya mai kyau in yi amfani da ita kafin shi zo ɗaukata. In ban so in aika a gaya mishi.

Jabiru ya ce, "Ba ki karanta ba, Inna?"

Na ce ban samu sukuni ba.

Na ba shi wanga littafi, na ce buɗe wajen ranar Litinin. Ya ce rubutun manya-manya awa na allon makaranta. Ya karanta da ƙarfi har ya kai inda na ce in diddige ya faɗa kwarmi a tsaya. Nan muryarshi ta sauka. Ya sake karanta wurin shi kaɗai.

Ya ce, "Innalillahi. Ni na kai hanyar har baki."

Na ce ban kira shi don salati ba. Shina da guduma?

Laraba, da rana tsaka

Ana fasawa. Jabiru da guduma, Maikuɗi da diga, ni da Tabawa muna kwashe ɓaraguzai. Maikuɗi ya ce tunda shike bai taɓa ganin an biya mutum shi gina, sa'an nan shi rushe kyauta ba. Jabiru ya ci gaba da fasawa. Tun safe bai sha ko ruwa ba.

Alhamis, bayan azahar

Dutsen niƙa ya rabe biyu.

Simintin ya riƙe shi da ƙarfi, guduma ta sauka, na ji ƙarar daga bakin ƙofa. Na ce mi ne ne. Tabawa ta ce ba komi. Na ce ƙarya kike, na san muryar dutsen nan.

Na ce wa Maikuɗi gobe mu koma, akwai na gidan su Tabawa. Ya ce ruwan sama da anka yi kwanan nan ya sauko daga arewa, tun shekaranjiya tudun ya nutse, ko kan tsamiyar ba a gani. Sai wata shekara, in an sake irin bana.

Ban ci abinci ba.

Juma'a, da hantsi

Ban yi barci sosai ba amma na tashi da dabara. Na sa Jabiru ya haɗa ɓarin biyu, kwarmi sama, ya bar tsagar a tsakiya faɗin yatsa. Ya ce bari shi liƙe da siminti. Na ce in na sake jin kalmar siminti a gidan nan da taɓarya za ni raka shi.

Na hau. Diddige ya faɗa kwarmi, tsagar ta ciji tafin ƙafa. Ya fi da. Da magana ɗaya shike yi, yanzu biyu. Kuma ruwa na zurarewa ta tsagar, sai Jabiru shi kwantar da hankali da sauronshi.

Lahadi, bayan la'asar

Sawuna na farko sun tafi da simintin. Na jiƙa ƙasa da ruwan rijiya na sake takawa. Tabawa na gefen rijiya tana riƙe da gwafa, wai ita hutawa take yi. Goma sha tara ne har yanzu. Jabiru na riƙe da littafi shina karantawa, ni ina gaya mishi ya yi ko bai yi ba. Sau uku na sa ya ɗaga dutse na tara. Ya ce ko injiniyan dam bai kai ni fitina ba.

Da za shi tafi ya ce Malam Basiru za shi tambaye shi aiki. Mi za shi ce?

Na ce ka ce tsohuwa ta haukace ta fasa. Ba ƙarya ka yi ba sosai.

Talata, da safe

Na yi wa buhun gero sallama, na zaci Tabawa ce zaune. Ba wanda ya ji.

Laraba, da hantsi

Direba ya ce Basiru za shi zo Asabar.

Na dasa barkono sabo. Wanda za shi tafi bai dasa barkono.

Juma'a, bayan azahar

Sau goma na bi duwatsun yau. Da tulu sau huɗu. Ba ni zuwa. Ba ni zuwa.

Lahadi, da rana tsaka. Na fito tsakar gida inda haske ya fi

Jiya ya zo, da a-kori-kura da igiyoyin ɗaure kaya. An kwana ana ruwa, garka ta yi taɓo sosai. Haka nake so.

Ya gaishe ni, ya sha fura, ya zagaya baya. Na ji ya tsaya.

"Inna, ina hanyar da na sa a yi?"

"Tana bayan darni, an tara. In kana so ka loda a motarka."

Ya fara. Cewa shi ba shi barci a Sakkwato, ko mota ta tsaya ƙofar ofis gabanshi faɗuwa shike, shina zaton saƙo ne daga Warra. Cewa mutane na zaginshi ya bar uwa ita kaɗai. Cewa can akwai famfo cikin gida. Muryarshi irin ta ubanshi ce in ya rasa yadda za shi yi da ni.

Na ce, "Ka gama? Tsoronka rijiya. To tsaya nan ka gani. In na zame ko sau ɗaya, ko na taka taɓo, da kaina za ni hau motarka."

Na kwance kallabi na ɗaure fuskata da shi, ninki biyu. Na ce Tabawa ta duba ɗaurin. Ta ce ko ɓarawo ba a ɗaure wa haka.

Ya ce, "Inna, don Allah bari."

Na ɗauki tulu.

Na bakin ƙofa, sanyi. Biyar ƙanana. Kaushi, na sunkuya, na ji ganyen lemu ya shafi kallabi. Huɗu. Tudu, tudu, tudu, ina bin hagu, ƙamshin barkono a dama. Ina jin takalminshi a bayana shina facal-facal cikin laka, shina numfashi awa shi ke ɗauke da tulun. Huɗu. Kwarmi. Tsagar ta cije ni. Na tsaya cak.

Na miƙa hannu, gwafa. Na zura guga sau uku, na cika tulu, na nannaɗe igiyar na rataye ta sama, don kada wani shi ce tana shimfiɗe. Na aza a kai. Na juyo. Goma sha tara. Na sauke a bakin ƙofa, ko ɗigo bai zuba ba.

Tabawa ta rangaɗa guɗa.

Na kwance kallabin. Ga shi can tsaye da farar rigarshi wajen darni. Na dube shi sosai na ce, "To, mai fanka. Duba ƙafata, ka ga taɓo? Sai ka kwance igiyoyinka."

Ba a amsa ba.

Sai na ji muryarshi a hagu, kusa da kafaɗata, ƙasa-ƙasa.

"Ina nan, Inna."

Zanen Tabawa ne ta shanya bisa darni.

Kaji na ta tonon ɓaraguzai. Na ce a raina shi ke nan, Dudu, kin ci kokawa kin faɗi a bakin fili. Na tsaya dai kai sama. In za a ɗauke ni sai dai a ɗauke ni a tsaye.

Na ji ya durƙusa. Na ji shina kwance takalmi. Ya hau na ɗayan da ƙafa tsirara, ya daɗe.

"Wanga na ƙofar gidanmu ne."

"Shi ne."

"Nan na fasa haɓa."

"Nan. Kana gudun wanka."

Ya bi su. Ina jin shi, takunshi ya fi nawa tsawo, sai ya riƙa ragewa. Lemu ya kama mishi hula, don bai san maganar kaushi ba. Ya kai ƙarshe ya tsaya can. Da ya dawo hancinshi ya toshe, ya ce sanyin damina ne.

Ya ce, "A Sakkwato taku nawa ne daga ɗakin zuwa famfo?"

Na ce, "Kai za ka sani."

Ya ce bai sani ba. Ya ce akwai matakala uku, da kwata, da kekunan yara ko'ina.

Ya zauna bakin ƙofa. Can ya ce abu uku shike roƙo. A yi wa rijiya marfin katako. A buɗe ƙofa cikin darni tsakanina da Tabawa. Kuma bayan Babbar Sallah in yarda shi kai ni wajen likita, da waccan takardar da ke ƙarƙashin tabarma, a duba mini ido, shi maido ni da kanshi.

Ban tambaye shi wa ya gaya mishi zancen takarda ba. Tabawa ta kama tari.

Na ce marfi na yarda. Ƙofa na yarda, ko da shike surutu za shi kashe ni kafin rijiya. Likita sai shi rantse da maidowar. Ya rantse. Na ce kuma ba mai taɓa mini dutse.

Ya ce, "Wa ya isa."

Motar ta koma da igiyoyinta. Na sa mishi kuɓewa da busasshen kifi, kada a ce ta zo banza.

Talata, da hantsi

Jabiru ya kawo marfi. Ya tambaya kafin shi taka ko'ina. Na ce daga ƙofar Tabawa zuwa tawa ma a sa duwatsu. Na taka, takwas ne. Na Warra za a sa, ƙafa ta koye su.

Alhamis, da rana tsaka

Yau ban ga layin takardar ba. In rubutun ya hau juna, ya hau.

Na je rijiya sau biyu. Barkonon ya kama.